Makulli da Ranar Aron Talauci

Ɗan gwaggona ne, ya girme ni da wata bakwai, kuma har gobe yana riƙe da watannin nan bakwai kamar takardar filin gado. Sunan da kowa ke kiran sa da shi Makulli. Ni na laƙaba masa, tun ranar da ya samu aikin kula da sito ya dawo gida da tarin makullai a ƙugu, yana tafiya suna kuka, maƙwabta suna leƙowa su ga ko mai sayen tsofaffin ƙarafa ne. Shi kuma ya rama da Rediyo, wai ni ba a kashe ni, sai dai batir ya ƙare. Ban musa ba. Ina da ƙarin gishiri, duk dangi sun shaida. To amma labarin nan, ko ka kwashe rabinsa ka zubar ka ce ƙaryar Rediyo ce, rabin da ya rage ya isa ya hana mai zuciya cin abinci.

Dogo ne siriri, irin wanda in ya juya gefe sai ka fara cigiyarsa. Ya gama sakandare, ni kuwa na sauka a aji uku, saboda ni da malamin lissafi mun kasa fahimtar juna, kuma shi ya ƙi barin makarantar. Tun muna yara Makulli yake fama da wata cuta, cutar gaskiya. Muna ƙwallo yana tsaron gida, ƙwallo ta shiga ragarmu ta fice ta wani huji, alƙali bai gani ba, abokan karawarmu ma ba su tabbatar ba. Shi da ƙafarsa ya taka ya je ya ce wa alƙali ta shiga. Mako biyu muka yi ba mai yi masa magana. Da na kai ƙara wurin Gwaggo, cewa ta yi, "Ka bar mini ɗa, ba kowa ne zai zama irinka ba." Ni tun lokacin na san ciwon nan sai ya kai shi ƙasa.

Inda ya yi aiki shekara goma sha huɗu wata ƙungiya ce mai dogon suna, sai ka ja numfashi sau biyu kafin ka kai ƙarshensa. A allon bakin ƙofa an rubuta ba ruwanta da siyasa, aikinta kawai wayar da kan talaka ya san 'yancinsa. Sai dai fentin ƙofar, da hulunan da suke rabawa, da rigunan, har da bokitin banɗaki, duk launin wata jam'iyya ne guda. Kan talakan da suka wayar kuwa, ko ta ina aka fara, wurin ɗan takarar jam'iyyar nan yake ƙarewa. Kuɗin gidan kusan duka daga aljihun mutum ɗaya yake fitowa, wani attajiri mai masana'antu da manyan motoci, wanda a ofis ba a kama sunansa, sai dai a ce Baba, a kuma sassauta murya. Ragowar ɗan abin da ke shigowa daga irin su Gwaggo ne, waɗanda ake tura wa saƙo a waya a ce su taimaki gwagwarmayar talaka ko da kuɗin sabulu ne. Gwaggo tana turawa duk wata. Wai ai wurin aikin ɗanta ne.

Siton yana can bayan gini, ɗaki ne ba taga, ƙwan lantarki ɗaya. Kwalayen huluna, rigunan da ba a raba ba, lasifika takwas, kujerun roba a jere har rufi, takardun rabawa ɗauri-ɗauri. Makulli ya san kowane kwali kamar shi ya haife shi. Ka tashe shi daga barci ka tambaye shi lasifikar da maɓallinta ke maƙalewa, zai ce maka ta uku daga hagu, a ɗan danna ta ƙasa. In za a yi taro, shi ke fara zuwa, shi ke loda mota, shi ke bin filin bayan an watse yana tsintar kujerun da aka jefar. A shekara goma sha huɗu ko hula ɗaya ba ta yi ƙafa ba. Na roƙe shi riga ɗaya in riƙa goge gilashin mota, ya ce in rubuto takarda.

Kuma kada ka ce don albashi kawai yake yi. Mutumin nan ya yarda da gidan har cikin ransa. Takardun da ake rabawa karanta su yake yi, ya zo ya tare ni da su a bakin hanya yana yi mini bayanin haƙƙina, ni ina neman fasinja. A bangon siton, saman ƙofa, ya manna hoton Baba da ya yanko daga kalanda, yana share masa ƙura da hannun rigarsa.

Sama kuma akwai ofishin Darakta. Na shiga sau ɗaya, na taka kafet ƙafata ta nutse, sai da na duba ko takalmina na nan. Kujerun fata masu numfashi in ka zauna, na'urar sanyi da za ta daskarar da shayi, firiji, talabijin mai faɗin ƙofar gareji. Motoci biyu ƙungiya ta saya masa, ɗaya ta ofis, ɗaya ta kai yara makaranta. Albashinsa kuwa, sakatariyar da ke buga takardu ce ta faɗa wa Makulli, ranar da abin ya cika mata ciki. Na wata guda, sai Makulli ya yi shekara huɗu da wata biyu yana buɗe sito kafin ya ga irinsa. Wannan ban ƙara ko kwana ɗaya ba. Da ni na ƙirƙira da ban kai shi nan ba, don ina tsoron a ƙi yarda da ni.

Sau ɗaya a shekara Baba yake kawo ziyara, kuma a nan ne gidan yake da wani tsarin aiki da ban taɓa jin irinsa ba. Darakta ya ce Baba da dako ya fara, ba ya son ganin almubazzaranci, so yake ya ga kowane kwabo ya tafi wurin talaka. Saboda haka kwana uku kafin zuwansa sai a tuɓe ofis tsirara. A naɗe kafet, a sauke talabijin, a kwance na'urar sanyi a liƙe ramin da kwali, a kinkimo kujerun fata, duk a danna cikin siton Makulli a kulle. Shekarar farko sun sayo sababbin kujerun roba suka jera, sai aka ga sun yi ƙyalli da yawa, talaucin bai zauna ba. Shi ne Darakta ya tara ma'aikata ya ce wa ke da tsofaffin kaya a gida. Kowa ya sunkuyar da kai. Mutumina ya ɗaga hannu.

Daga nan ya zama shi ke ba da aron talauci. Benci biyu na tsakar gidansa. Teburin da yaransa ke karatu a kai, mai ƙafa ɗaya gajera da ake tallafa wa da ninkakken kwali. Fankar da aka ɗaure wuyanta da waya, tana juyawa tana kuka kamar ana yanka ta. Labulen ɗakinsu da rana ta cinye. Agogon bango da ke gaba da minti ashirin. Kwana uku iyalinsa a ƙasa suke zama, su sha zafi, ƙofar ɗaki ba labule sai zanen matarsa. Ba a taɓa ba shi ko sisi ba, gudummawa ake kiran abin.

Ni ma hannuna ba a wanke yake ba, kada a ce na ɓoye. Tasi nake ja, motar ta girmi auren iyayena, ƙofar baya da igiya ake rufe ta. Ita ake ɗauka haya ranar. Darakta ya ajiye tasa a layin baya, in ɗauko shi a tawa, ya sauko a gaban Baba yana share gumi. Kwana uku yake ƙin aske gemu don ranar. Akwai ma wata riga da yake da ita mai faci a gwiwar hannu, tela ya sa ya yi facin a inda ba ta yage ba.

Matar Makulli ɗinki take yi a gida, ni Mai Keke nake ce mata, ita kuma tana ce mini ƙanen miji marar aiki. Duk shekara in muka zo kwasar kaya takan tsaya bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ku haɗa da ni mana," in ji ta. "Ai ni ce babban kayan talaucin gidan. Ku ajiye ni a kusurwa, Baba ya gan ni ya yi kuka."

"Ke kin yi ƙiba da yawa," na ce. "Ɓata musu tsari za ki yi."

Ta jefe ni da ƙullin zare. Makulli bai yi dariya ba. Yana naɗe wayar fanka a hankali ya ce aiki ne, a daina wasa da shi.

Bana, da zaɓe ya matso, saura mako biyu ziyara, Darakta ya kira ƙananan ma'aikata su bakwai: masu shara biyu, direbobi biyu, mai gadi, mai haɗa shayi, da Makulli. Ya ce daga ƙarshen wata su ba ma'aikata ba ne, sun zama 'yan sa-kai. Ba albashi, sai ɗan kuɗin mota. Dalili, wai rahoton bana dole ya nuna an rage kashe kuɗi a kan ma'aikata, an ƙara a kan talaka. Kamar dai su bakwai ɗin 'ya'yan sarki ne. Na sama kuwa ba ma'aikata ake kiran su ba, ƙwararru ne, don haka maganar ba ta shafe su ba. Wanda bai yarda ba, ƙofa a buɗe take. A makon nan dai sakatariya ta buga takardar ƙarin albashin Darakta da yatsunta.

Makulli 'ya'yansa huɗu. Babbar tana shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, ita duk dangi muka zuba wa ido. Albashin nan, ɗan mitsitsi yadda yake, shi ke riƙe da ita a can. In ya tafi, yarinya ta dawo gida.

Da yamma na biya na ɗauke shi. Ya shigo ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"To, shugaban 'yan sa-kai," na ce, "yanzu sai me?"

"Baba bai sani ba."

"Kai ka shiga zuciyarsa?"

"Mutumin da ya yi dako da kansa ba zai yarda a yanke abincin mai shara a ƙara wa mai kafet ba. Ɓoye masa ake yi. In ba ɓoyewa ake ba, me ya sa muke wannan wahalar duk shekara?"

Gaskiya tambayar ta kama ni.

"Zan nuna masa," in ji shi. "Makullin yana hannuna."

"Za su kore ka."

"Ai sun kore ni. Cewa dai suka yi in ci gaba da zuwa."

Da Gwaggo ta ji, ta kira shi ta ce ya rufe bakinsa ya karɓi kuɗin motar har Allah ya kawo wani, don ita a iya zamanta ba ta taɓa ganin babba ya gode wa wanda ya nuna masa abin da bai tambaya ba. Mai Keke kuwa cewa ta yi, "Ka faɗa masa. Amma ko me za a yi, labulena ya dawo."

Ranar ziyara na ɗauko Darakta a layin baya. Ya shigo yana ƙamshin turaren da ya manta bai kamata ya fesa ba, ya ce in rufe gilashi don ya yi gumi. Muna isa Baba ya iso. Ɗan gajeren tsoho ne, kullum cikin farar riga ba ado, takalmin roba a ƙafa. Tare da shi akwai 'yan jarida biyu da mai kyamara, duk a motarsa suka zo.

Aka hau sama. Baba ya zauna a bencin Makulli, fanka tana kukanta, agogo yana ƙaryarsa. Darakta ya miƙe ya yi jawabi da muryar wanda ya kwana biyu bai ci ba. Ya ce a gidan nan ba mai neman duniya. Ya ce shi kansa yakan manta ranar biyan albashi. Ina tsaye bakin ƙofa, sai da na ciji hular da ke hannuna.

Can sai Darakta ya ce, "Ina mai sito? Matso, matso nan." Makulli ya fito, makullai suna kuka. Darakta ya yi ɗage ya dafa kafaɗarsa. "Ranka ya daɗe, ga irin mutanen da nake faɗa maka. Shekara goma sha huɗu wannan bawan Allah yana mana aiki, bai taɓa karɓar albashi ba. Sa-kai tsantsa."

Aka yi tafi. Baba ya tashi ya rungume shi, kansa daidai aljihun rigar Makulli, kyamara tana ta walƙiya. Ni jira nake Makulli ya fashe a nan, gaban kowa. Da ni ne da ginin ya tsage. Amma ɗan Gwaggo ba ya kunyata babba a cikin mutane. Ya sunkuya ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, akwai abin da nake so ka gani a ƙasa, kai kaɗai."

Baba ya ce to. Ya ɗaga wa mai kyamara hannu ya tsaya. Darakta ya bi su, ni ma na bi, don ba a haife ni in tsaya a baya ba. Abin da na lura, Darakta ko gezau bai yi ba. Wayarsa ma yake dubawa a matakala.

Makulli ya buɗe sito ya kunna ƙwai. Ga kujerun fata a kife bisa juna, kafet a naɗe a tsaye kamar gungume, talabijin an lulluɓe ta da bargo, firiji, na'urar sanyi. Ya fara bayani, maganar a jere, don kwana uku ya yi yana haddace ta. Ya ce waɗannan su ne kayan ofis na gaskiya. Ya ce na sama nasa ne, daga gidansa. Ya faɗi maganar su bakwai. Ya faɗi albashin Darakta, da ƙarin da aka yi masa. Ya ce shi ma'aikaci ne, yana karɓar albashi tun watan farko, abin da aka faɗa a sama ba haka ba ne.

Baba yana saurare yana gyaɗa kai. Da Makulli ya gama, sai ya matsa ya shafa hannun kujera ɗaya, ya juya wurin Darakta.

"Waɗannan ne na sa a kawo bara? Baƙaƙe na ce."

"Sun ƙare, Baba, sai ruwan ƙasa."

"To a daina kifa su haka, fata tana tsagewa." Ya dubi Makulli. "Sauko mini da ɗaya, ɗana. Bencin can ya gama da bayana."

Wallahi Makulli ya sauko da ita. Har da goge ta. Baba ya zauna, kujera ta yi ajiyar zuciya.

"Kai mutumin kirki ne," in ji shi. "An faɗa mini ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunka ba. Amma me kake tsammani, ni ban san abin da na saya ba?"

"To ranka ya daɗe, wa ake ɓoye wa?"

Baba ya nuna sama da haɓa. "Hoto. Mutane ba sa tura kuɗin sabulunsu gidan da ke da kafet. Kuma ba sa jin maganar mai kafet ranar zaɓe."

"Albashin fa?"

"Ni na sa hannu. Daraktan nan unguwa goma sha ɗaya ya juya mana a zaɓen da ya wuce. In ban biya shi ba, waɗancan za su biya shi gobe. Kai in na sake ka, wa zai yi rububinka?"

Bai ɗaga murya ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da tsawa ya yi da na samu abin ramawa. A hankali ya faɗa, kamar likita yana ce maka ka rage gishiri.

Makulli ya ce, "Ina da yarinya a makaranta."

"Allah ya yi mata albarka," in ji Baba. Ya juya wurin Darakta. "A ba shi wani abu ya sha ruwa."

"Ba ruwa nake nema ba, ranka ya daɗe. In ba za a bar mini aikina ba, a gyara maganar da aka faɗa a sama. Aiki na yi aka biya ni, ba kyauta ba."

"An riga an ɗauka, ɗana. Kuma ta yi kyau."

Na buɗe baki, Makulli ya take mini ƙafa. Ya juya ya fita ya hau sama, ina biye. 'Yan jaridar nan biyu suna zaune a benci suna shan ruwa. Ya ce musu, "Don Allah ku ɗan ɗaga." Suka miƙe, suna tsammanin gyara zai yi. Ya ɗauke bencin ya miƙo mini. Ya ɗauke na biyu. Ya zare fanka tana tsakiyar kuka. Ya kwashe takardun jawabin Darakta ya jera su a ƙasa, ya ɗaga tebur, bai manta da kwalin ƙafar ba. Ya kwance labule ya ninke shi gida huɗu. Agogo ne na ƙarshe. Mai kyamara yana tsaye, kyamara a rataye, murfinta a rufe. Na ce masa, "Malam, ga labari." Ya ce shi ba a ce masa ya ɗauka ba.

Muka ɗaure komai a saman tasi. Darakta ya fito da sauri ya ce ai ni zan mayar da shi, 'yan jarida suna kallo, ba zai yiwu ya taka zuwa layin baya ba. Na ce masa mota ta cika, talauci zai koma gida. A duk ranar wannan kaɗai na ci.

Washegari hoton ya fito a jarida da a waya. Baba rungume da Makulli, a ƙasa an rubuta shekara goma sha huɗu ba albashi. Da shi aka riƙa tura saƙon neman taimako. Ka ji fa, an cire mutum daga aiki, an kuma ɗauki fuskarsa ana bara da ita, kuɗin yana hawa bene wurin mai faci a gwiwar hannu. Har wayar Gwaggo saƙon ya shigo, ta kawo mini in karanta mata. Da na gama ta ce, "To da me ya riƙa ciyar mini da jikoki, da iska?" Daga watan nan ba ta sake turawa ba. Ban dai ji an ce ƙungiyar ta girgiza ba.

Makulli ya je ya miƙa makullai ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin na ina ne kowanne. Cikin su bakwai, biyar sun zauna a kan kuɗin mota, kuma ban ga laifinsu ba. Shi da mai gadi ne suka fita.

Mako biyar yana yawon neman aiki. Ni na riƙa kai shi, kyauta, ina yi masa gori a hanya. Daga ƙarshe aka ce wani mai sayar da kayan gini yana neman mai sito, nasa na da ya gudu da siminti, amma sai da takardar shaida daga wurin aiki na baya. Sau uku Makulli ya koma kafin a ba shi. Sakatariya ce ta miƙo masa a ambulan, ta kasa kallon idonsa. A mota ya buɗe. Takarda mai kauri, da hatimi. Ta ce mai wannan takarda mutum ne mai amana, ya yi wa ƙungiya aikin sa-kai shekara goma sha huɗu, bai taɓa neman lada ba.

"Kawo in yaga," na ce.

"In ka yaga me zan nuna? In ce shekarun nan a ina na yi su?"

Mai kayan gini mutum ne mai tumbi, tabarau a goshi, teburinsa tsakanin buhunan siminti da rodi. Ya karanta takardar sau biyu, fuskarsa tana washewa kamar wanda ya yi tsintuwa.

"Ai kai ne na hoton," in ji shi. "Irinku sun ƙare a duniya. Shekara sha huɗu ba ko sisi."

"Ana biya na, yallaɓai. Takardar ce ba ta faɗi daidai ba."

"Ka ji, har da kunya. To ni ba zan sa ka aiki a banza ba, ina tsoron Allah. Zan ba ka rabin abin da nake ba na da, wata shida, mu ga yadda hannunka yake."

"Yallaɓai," na ce, "ɓarawon siminti ya ci cikakken albashi, shi kuma mai amana rabi?"

"Wannan wane ne?"

"Ƙanena ne," in ji Makulli. "Direba ne, surutu ya yi masa yawa."

Ya tambayi ranar da ake biya, aka ce ƙarshen wata. Na ga leɓensa yana motsi, makarantar yarinya yake aunawa. Rabin nan da ɗinkin Mai Keke za su iya riƙe ta zango ɗaya, in aka daina wasu abubuwa a gida. Bayan zangon kuma sai abin da Allah ya yi. Ya ce ya karɓa.

A hanyar gida na yi ta zagi. Na zagi Darakta, na zagi Baba, na zagi mai siminti, na haɗa da fitilar hanya da ta tsayar da mu. Ya ciro wayarsa ya kira 'yarsa, ya ce ta daina maganar dawowa gida, ta zauna ta yi karatunta, ya samu aiki. Ina jiyo muryarta daga inda nake, murna har tana sarƙewa. Sai ta tambaye shi ko ya fi na da.

Na rage gudu ina kallon sa.

"Siton ya fi girma," in ji shi.

Ya kashe wayar ya mayar aljihu. Ya ce in tsaya a kantin kwana, Mai Keke ta ce a sayo mata baƙin zare.